Ragewa, ɗagawa ko saka roba: abin da metir ya nuna a ƙirjin Yayata

Ni tela ce, shekarata goma sha huɗu kan keke, ɗinkin mata zalla nake yi a cikin gida nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi, saboda haka in dai awon ƙirjin mace ne na ɗauka ba mai koya mini. Ashe rabin awo nake yi. Sai da na raka Yayata wurin likitan da ya rage mata nono bara sannan na ga yadda ake ɗora metir a jikin mutum in nama za a yanka ba yadi ba, kuma tun daga lokacin duk wadda ta ji labari in ta kawo ɗinki sai ta jira mutane sun watse ta rage murya ta ce wai da gaske ana gyarawa? Wata nauyi ne ya dame ta, wata yaye biyar ta yi abin ya kwanta kamar silifas, wata kuma TikTok ne kawai ya tayar mata da hankali. Dukansu kalma ɗaya suke faɗi, gyaran nono, alhali aiki uku ne kowane da hanyarsa, akwai ragewa akwai ɗagawa akwai ƙarawa da roba, kuma lambobin jikinki ne ke nuna wanda ya dace da ke tun kafin a tambaye ki me kike so.

Bari in fara da yadda muka kusa faɗawa rami. Yaya shekararta 43, haihuwa bakwai, ta ce ta gama in Allah ya yarda. Igiyar rigar nono ta yi mata rami a kafaɗa har za ki iya kwantar da yatsa ciki, in zafin watan huɗu da na biyar ya tsaya ƙarƙashin nonon sai ya saɓe ya dinga ruwa yana ƙaiƙayi, hoda ba ta yi, tsumma ba ya yi, ga ciwon wuya da baya tana ta haɗiyar farasetamol kamar gyaɗa. Ko a babbar kasuwa ko wurin ƴan gwanjo ba a samun rigar nono daidai ita, ni nake haɗa mata da yadi mai kauri. To sai wata ta haɗa ta da wata mata a WhatsApp mai kai mutane kilinik a ƙasar waje, matar ta ce ta turo hoto gaba da gefe, ta tambaye ta wane harafin girman rigar nono take so, C ko D, kafin magariba har ta turo kuɗin aiki haɗe da otal da motar ɗauka daga filin jirgi. Ba ta tambayi shekarunta ba, ba kilo, ba ciwon suga, ba komai. Yaya har ta fara maganar sayar da awarwaronta ta tura abans. Na ce Yaya don Allah tsaya, ni nan in mace ta turo mini hoton riga ta ce in yanka mata shadda ba tare da ta zo na auna ta ba ƙi nake yi, to ina ga nama? Kuma harafin nan ba ma'auni ba ne, bambanci ne kawai tsakanin zagayen ƙirji da zagayen ƙarƙashinsa, C a jikin siririya da C a jikin mai faɗin haƙarƙari ba girma ɗaya ba ne, kuma kowane kamfani da nasa C ɗin.

Likitan da muka samu daga baya, minti ashirin na farko ko metir bai taɓa ba. Tsawo da kilo, hawan jini, suga, ƙarancin jini, tana shan shisha ko taba, yaushe ta yaye na ƙarshe, tana son ƙara haihuwa, akwai wadda ta yi ciwon dajin nono a dangi. Da yake ta haura 40 sai da ya tura ta hoton mamogarafi mai duba ciwon dajin nono tukuna, ya ce ba a gyara ɗaki ba a duba ko akwai maciji a ciki ba. Ranar awo ya sa ta tsaya cak hannuwa a sake, da malamar asibiti a ɗakin da ni. Ya ɗora kan metir a ɗan ramin nan na gindin maƙogwaro tsakanin ƙasusuwan wuya biyu ya sauke zuwa kan nono, dama 35 hagu 33, santimeta fa ba inci ba, ni kuma da na saba farawa daga kafaɗa sai na ga hikimar, kafaɗa tana hawa tana sauka amma ramin nan ƙashi ne ba ya motsi. Daga nan ya ɗaga nonon ya auna daga kansa zuwa lanƙwasar ƙasa inda ya haɗu da ƙirji, 16. Ya auna daga kan nono zuwa tsakiyar ƙirji kowane gefe, ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai baki biyu irin na masu gyaran inji ya auna faɗin gindin nonon, ya mintsini fata ya ja ya ga yadda take komawa, ya auna faɗin baƙin da ya kewaye kan. Sai abin da ya fi burge ni, ya sa yatsunsa a lanƙwasar ƙasa ya turo su gaba, da ɗayan hannun ya laluba ta sama inda yake jin yatsun ya ɗiga alama, ya ce nan ne sabon gidan kan nonon. Da ya auna daga ramin wuya zuwa ɗigon sai ya ba da 23. Ya ce Hajiya littafi 21 yake cewa, amma ke doguwa ce kuma lanƙwasarki ce za ta gaya mini ba littafi ba. Wannan dabarar ta yatsa da sunan wani likitan Burazil ake kiranta, Ivo Pitanguy.

Ɗiyar Yaya da ke karatun likita a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ita ta warware mini asalin 21 ɗin. Wani likitan Afirka ta Kudu ne, Jack Penn, a 1955 ya auna mata 150 ya ware 20 da shi a idonsa ya ga sun fi kyan ƙira, ya tarar daga ramin wuya zuwa kan nono wajen 21 ne, tsakanin kai da kai ma wajen 21, wato kusurwa uku mai tsawo ɗaya, daga kai zuwa lanƙwasa kuma wajen 7. Can a 2012 wasu likitoci biyu a Landan, Mallucci da Branford, suka duba hotunan ƴan mata 100 masu tallar jiki a jarida suka ce wanda ya fi kyau shi ne kashi 45 a saman kan nono kashi 55 a ƙasa, kan yana ɗan kallon sama. Abin da na ɗauka a ciki shi ne ko su masu aikin sun yarda ƙasa ya kamata ya fi sama cika, wato wannan mai tudu a sama kamar an kife kwano da ake nunawa a waya ba shi ne ƙirar halitta ba. Sauran kuwa, to, mata 20 da namiji ɗaya ya zaɓa da ƴan matan jaridar Ingila, ba a kansu za a yanka ma Bakatsiniya mai haihuwa bakwai jiki ba. Likitan da ya riƙe 21 ya ƙi saki ko ke gajera ce ko doguwa, ni dai ba zan kwanta masa ba.

Lanƙwasar ƙasan nan ita ce alƙali, kuma ke da kanki za ki iya dubawa a ɗaki. Ki tsaya gaban madubi ki sa biro a ƙarƙashin nonon daidai inda ya lanƙwashe, ki duba ina kan yake. In yana sama da biron bai faɗi ba. In yana daidai da shi mataki na ɗaya kenan, in ya sauka ƙasa da shi amma har yanzu gaba yake kallo na biyu, in kuwa shi ne can ƙarshe yana kallon ƙasa na uku. Wata likita a Kanada, Paule Regnault, ita ta tsara matakan a 1976 kuma har yau da su ake aiki. Akwai kuma wanda ke ruɗin mata da yawa bayan yaye, kan yana nan a wurinsa sama da biro amma naman ya zube ƙasa saman ya zama wayam, wannan ba faɗuwar gaske ba ce kuma in aka ɗaga kan a irin wannan ɓata shi za a yi. Tambaya ta biyu nauyi, ki tallabe su da tafin hannu biyu ki ɗaga, in kika ji wuyanki da bayanki sun saki kamar an sauke miki tulu to matsalarki nauyi ce. In ba ki ji komai ba sai dai fata a hannu, zancenki daban.

Mai nauyi ragewa ce tata, kuma a cikin ukun nan ita ce kaɗai na ga tana maganin ciwo. Ana cire nama da kitse da fata a ɗaga kan zuwa sabon wurinsa, baƙin ma a rage faɗinsa zuwa wajen santimeta 4 ko 4 da rabi. Safiyar aikin a tsaye aka zana Yaya da alƙalami kafin allurar barci, don in mace ta kwanta komai ya baje awo ya ɓace, ya rataya mata metir a wuya ya sauko ta tsakiyar kowane nono ya ja layi, sannan ya zana wani abu kamar ramin makulli. Ina ganin zanen na ce wannan ai takardar yankan rigar nono ce, ya yi dariya ya ce ba ki yi ƙarya ba, wanda ya fito da shi a 1956, Robert Wise na Houston a Amurka, daga yankan rigar nono ya ɗauko. Tabon wannan hanya zagaye ne a bakin baƙin, sai layi ya sauka, sai wani ya kwanta a lanƙwasa, kamar harafin T da aka kife. Akwai mai gajeren tabo da Lassus na Faransa da Lejour ta Beljiyam suka yi suna da ita, zagaye da layi ɗaya kawai kamar alawa mai tsinke, babu na kwance. Kowa ya ji sai ya ce ita yake so, Yaya ma ta ce ita. Amma ga inda awo ya shigo, daga kai zuwa lanƙwasa 16 take da shi kuma ana son a dawo da shi wajen 7, ina za a kai sauran fatar? Mai layi ɗaya tattara fatar take yi a ƙasa ta bar ta ta kwanta da kanta cikin watanni, in fatar kaɗan ce tana kwantawa, in ta yi yawa sai ta bar kunne a ƙasa a sake komawa a yanke. Duk tela ya san rigar da ta yi yawa a faɗi da tsawo gaba ɗaya ba a rage ta da ɗinki ɗaya. Aka yi mata T. Abin da aka cire a sikeli ake ɗorawa gefe gefe, dama giram 980 hagu 820, don a daidaita su tunda da ma ba ɗaya suke ba, sannan aka aika naman ɗakin bincike a duba.

Wurin ɗigon nan na kan nono in za a yi kuskure gara a yi shi ta ƙasa. Wanda ya ɗan yi ƙasa ana iya ƙara ɗaga shi, wanda ya yi sama kuwa har yana leƙowa ta bakin rigar nono sauke shi sai da tabo a fili inda wuyan riga ba ya rufewa, kuma da tafiyar watanni ƙasan nonon yana ƙara saki nama ya sauko sai kan ya ƙara zama kamar ya hau. Shi ya sa na ji daɗin 23 ɗin.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi a garin nan, shayarwa. Ba a cire kan nono a ajiye gefe yadda mutane ke zato, ana barinsa manne da wani harshen nama mai ɗauke da jijiyoyin jini da na ji da hanyoyin ruwan nono, da shi ake tafiya sama. Yaya daga 35 zuwa 23, tafiyar santimeta 12 kenan. Iya nisan tafiyar iya tsawon harshen, iya kuma haɗarin jini ya kasa kaiwa ƙarshe kan ya yi baƙi ya mutu, kuma taba da shisha da sugan da ba a riƙe ba suna ƙara wannan haɗarin ƙwarai. In awon ya kai wajen 40 ko ya wuce wasu likitoci sukan zaɓi su yanke kan gaba ɗaya su dasa shi kamar dashen fata, to wannan babu shayarwa har abada, ji ma yawanci ya tafi, kuma a baƙar fata yakan yi dabbare dabbare. Ko da hanyar harshen ce mata da yawa suna shayarwa bayan aikin amma ba likitan kirki da zai rantse miki ruwan zai ishi jariri. Mu nan da ake ba yaro nono har kusan shekara biyu, ki je kanti ki tambayi kuɗin gwangwanin madarar jarirai ki lissafa na wata shida kawai. Ga shi ciki in ya zo yana sake kumbura nonon ya miƙe fatar ya rushe awon da aka yi. Don haka mai sauran haihuwa ni ina ganin ta yi haƙuri sai in nauyin ya hana ta rayuwa, wadda ta yaye kuma ta bari a ƙalla wata shida nonon ya koma girmansa na gaskiya, mai niyyar rage ƙiba ta rage tukuna, in ba haka ba jikin da aka auna daban jikin da za ta zauna da shi daban.

Ɗagawa kuwa yanka iri ɗaya ne tabo iri ɗaya, sai dai fata kawai ake cirewa a tattara naman a ɗaure shi sama, nauyin yana nan yadda yake. Wadda wuyanta ke ciwo in ta zaɓi ɗagawa don tsoron kalmar ragewa ta sayi tabo ta bar ciwonta. Ita ɗagawa ta mai fata ce, kuma biron nan ne ke faɗin tsawon tabon. Mataki na ɗaya ana iya yankan zagaye kawai a bakin baƙin, hanyar da Benelli na Faransa ya bayyana a 1990, amma wajen santimeta 2 kawai take ɗagawa, in aka matsa mata fiye da haka sai baƙin ya baje ya yi faɗi gaban nonon ya lafe. Na biyu alawa mai tsinke, na uku T. Abu biyu da ba a cika gaya ma mata ba, na farko bayan ɗagawa nonon ƙarami zai zama a ido har ki ga kin sauka lambar rigar nono, don da ma fata ce ke cika ta. Na biyu fatar da ta saki ita ce dai aka ɗinke, in mai nankarwa ce siririya wadda in an ja ba ta komawa da sauri to za ta sake saki da shekaru, ba zai koma inda ya fito ba amma ba zai tsaya yadda yake a hoton wata uku ba. Ni a ganina mai mataki na ɗaya ko mai faɗuwar ƙarya rigar nono mai kyau da aka auna daidai ta ishe ta. Su man hulba da sabulai da garin da masu kayan mata ke tallatawa wai suna tayar da nono, metir ɗina bai taɓa ganin santimeta ɗaya da suka ɗaga ba, kuma ina auna mata ɗaya sallah bayan sallah.

Sai roba, wato jakar silikon, wadda aka fara sakawa a 1962 can Houston ɗin dai. Ita cikawa take yi, ba ta ɗaga abin da ya faɗi, in aka saka ta a mataki na biyu ko na uku ba tare da ɗagawa ba sai robar ta tsaya sama nonon ya rataya a ƙasanta kamar abu biyu. A nan ma ba da girma ake farawa ba, da faɗin gindin nono ake farawa. In faɗinki 12 ne robar sai ta gaza 12 kaɗan don a bar ma namanki wuri, in aka cusa mai 14 ko dai ta tafi hammata ko su haɗe a tsakiya. Kuma cika ɗaya tana zuwa a sura daban, mililita 300 a mai faɗi kamar faranti ko 300 a mai tudu kamar kwano, siririyar ƙirji kwanon ne zai zauna mata, mai faɗi farantin. Wani likitan Dallas, John Tebbetts, shi ya tsara wannan lissafi a 2002 sannan shi da wani likita Adams suka taƙaita shi a 2005. Ana mintsinin naman saman nono, in kaurinsa bai kai santimeta 2 ba to robar ƙarƙashin tsokar ƙirji za ta shiga in ba haka ba bakinta da yamutsinta za su nuna. Ana jan fatar gaba a ga iya miƙewarta, ana ɗaga kan a auna zuwa lanƙwasa, in ya wuce 9 da rabi roba kaɗai ba za ta wadatar ba. In kina son ki ji girman a jikinki, ledar fiya wata mililita 500 ce, to 250 rabin leda kenan kowane gefe, ko ki auna shinkafa a kofin awo ki zuba a safa ki sa a rigar nono ki yini da ita kina girki kina sallah, za ki san ko abin da bakinki ya faɗa bayanki zai ɗauka.

Abin da ya sa na fi ɗari ɗari da roba ba awon ba ne, zaman bayan aikin ne. Jiki yana saƙa mata wata fata ya kewaye ta, a wasu fatar tana ƙanƙancewa nonon ya yi tauri yana ciwo ya karkace, robar kuma ba ta har abada ba ce, tana iya fashewa shiru ba ki sani ba, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta ce a duba robar da hoton eko ko na na'urar IRM bayan shekara 5 zuwa 6 sannan duk shekara 2 zuwa 3. Wadda ta saka tana 28 ta sa a ranta akwai wani aikin a gaba, ƙila fiye da ɗaya. A 2010 Faransa ta janye robar kamfanin PIP bayan an gano silikon na masana'anta aka zuba ciki, a 2019 kuma aka janye wasu masu kaushin baya na Allergan saboda wani nau'in ciwon daji da ba a cika samu ba da ke tasowa a fatar da ta kewaye su. Matan da suka san wace iri ce a jikinsu su suka san abin yi, don haka katin nan mai suna da lambar roba da ake bayarwa a ajiye shi tare da takardun fili. To ke da kike Maradi, Yamai ma sama da kilomita 600 ne, balle in a Tunisiya ko Turkiyya aka saka miki, ran da ya kumbura ya yi ja cikin dare wa za ki nuna ma? Matar WhatsApp? Akwai masu cikawa da kitsen jikin mutum, a zuƙo daga ciki ko cinya a tace a saka, babu baƙon abu a jiki amma ƙarin kaɗan ne, wani kaso yana narkewa cikin watannin farko, kuma siririya ba ta da inda za a ɗebo. Allurar mai ko ruwan silikon da ake ɗirka ma mata a ɗakunan kwalliya kuwa wannan ba ya cikin lissafi, ruɓewa yake kawowa.

Inda na ga roba ta yi rana shi ne wadda ɗaya ya tsiro ɗaya bai tsiro ba tun budurci, da wadda aka cire ma nono saboda ciwon daji. A nan lafiyayyen gefen shi ne takardar yanka, faɗinsa da tsayin lanƙwasarsa ake kwafa, wani lokaci ma a ɗan rage shi ko a ɗaga don su zo ɗaya. Sai dai wadda za a gasa ma ciwon da na'ura a cibiyar ciwon daji ta Yamai ta sani fatar da aka gasa ta fi saurin ƙanƙance roba, shi ya sa a irin wannan akan ɗebo naman bayanta ko na mararta a gina.

Akwai awon da ba na metir ba kuma mu baƙaƙe ya fi shafa, tabo mai tudu. Likitan sai da ya duba hujin kunnen Yaya, da tabon lambar rigakafi a dantse, da inda wanzami ya taɓa yi mata ƙaho a baya, da ɗinkin haihuwarta ta shida a mara, duk a kwance suke. Mai irin jikin da ko hujin kunne sai ya toho ya yi ƙullutu, a ce za a ja mata layi a ƙirji, kuma tsakiyar ƙirji na cikin wuraren da suka fi yin wannan tudun, to sai ta auna da kyau, mai ciwon nauyi ƙila ta ce ta ji ta gani, mai neman kyau kaɗai tana iya fitowa da abin da ya fi na da muni ga ƙaiƙayi. Ta fuskar addini Yaya sai da ta tambayi malaminsu kafin komai, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Maleshiya a 2007 ta halatta aikin da ke cire cuta ko mayar da gaɓa yadda take, har ta ambaci sake gina nonon da aka cire da gyaran wanda girmansa ke jawo ciwo, ta hana wanda canza halitta lafiyayya ne don bin yayi kawai. Kowa ta san a wane layi take.

Ba zan ce na Yaya ya tafi sumul ba. Mahaɗar T ɗin ta dama, inda layuka uku suka gamu, ta ɗan buɗe sai da aka yi sati uku ana wankewa ana rufewa, wata ɗaya da rabi ba ta ɗauki ko bokiti ba tana cikin rigar matsi dare da rana, kuma kan na hagu har yanzu ta ce kamar an sa masa safa take jinsa. Da azumi ta kawo leshinta na sallah, na buɗe littafi shafinta na ga tsofaffin lambobin da na shekara goma ina yanka a kansu, na soke su da biro. Na gama nawa awon sai na ce Yaya tsaya, na ɗora metir a ramin wuyanta na sauke, dama 23 da rabi hagu 23 da rabi. Ta ce ke dai tunda kika ga likita yana yi kin ishi mutane, ki yi sauri ki rage mini wuyan rigar nan kar ya zurma, kuma ki fasa ɗinka mini rigar nono, na sayo uku a kasuwa jaka ɗaya ɗaya.